Yadda ɗan kwangilar gini zai haɗa takardun kariyar ma'aikata tun kafin tsautsayi ya gitta

Wata shekara ina akawun wani ɗan kwangila, muna gina ajujuwa uku da ofis a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, ranar wata Laraba wajen sha ɗayan rana katakon sikafol ya karye da wani lebura, ya faɗo da kwanon kwaɓi a ka, ƙafa ta karye a ƙauri har ƙashi ya leƙo. Muka saka shi a bayan a-kori-kura sai asibiti, muna zuwa matar da ke buɗe kati ta ce ya sunansa, wallahi mu huɗu muka tsaya muna kallon-kallo. Sati uku yaron nan yana ɗaukar mana kwaɓi amma da sunan garinsu muke kiransa, ba wanda ya san sunansa na yanka balle na mahaifinsa balle lambar wani nasa, shi kuma lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Kuma fa a motar oga akwai fayil mai kauri, satifiket ɗin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da na haraji da na fansho duk a jere da hatimi, ba ko ɗaya da ya amfane mu a bakin tagar nan.

Tun daga ranar na raba takardun harkar nan gida biyu. Akwai na ofis waɗanda ake nuna wa gwamnati a samu kwangila, su kowa ya san su don in babu su ba ci, akwai kuma na wajen aiki waɗanda yawancinsu littafin rubutu ne na 'yan makaranta da biro, su ake rainawa kuma su ake nema ido rufe ranar da abu ya faru. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya yadda nake yi yanzu a nawa ɗan ƙaramin kamfanin, na ofis ɗin zan yi sauri in ban da guda ɗaya.

Mataki na farko: takardun ofis

Fara da rajistar kamfani a CAC don duk sauran da lambar rajistar nan suke tafiya, sai lambar haraji da shaidar biyan haraji ta shekara uku. In aikin jiha kake nema a Jigawa ka yi rajistar ɗan kwangila a ofishin Due Process da ke Dutse, Kano ma tana da tata hukumar mai kula da bayar da kwangila, in kuma na tarayya ne sai rajistar BPP, hukumar kula da bayar da kwangilar tarayya da dokar 2007 ta kafa. Sai satifiket ɗin PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, dokar fansho ta 2014 ta wajabta shi kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, kai ka zuba kashi 10 ma'aikaci kashi 8, haɗe da inshorar rai wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin mutum na shekara ba, sai kuma na ITF na horar da ma'aikata. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne satifiket ɗin nan na tarayya 31 ga Disamba suke mutuwa ko da a Nuwamba ka karɓa, to kar ka bari sai an buga tallar kwangila a jarida sannan ka fara zarya, ba a fafe gora ranar tafiya, Janairu na kamawa ka fara sabuntawa.

Wanda zan tsaya a kansa shi ne na NSITF, hukumar da ke riƙe da asusun biyan diyyar ma'aikata, don shi kaɗai ne a fayil ɗin nan da ya shafi ƙafar lebura kai tsaye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta kawo tsarin, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, kuma abin da ta ce mai sauƙi ne, duk wata ka zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar kuɗin da kake biyan ma'aikatanka. In a wata kana kashe naira 800,000 a ladan ma'aikata to naira 8,000 ke nan, kuma daga aljihunka, doka ta hana ka yanka daga kuɗin ma'aikaci. Su kuma in mutum ya ji rauni ko ya nakasa ko ya rasu a bakin aiki asusun ne zai ɗauki magani da diyya, har matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu zuwa sama dokar ta yanka mata kashi 90 na albashinsa duk wata. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne dokar ba ta ce sai mai takardar ɗaukar aiki ba, ɗan aikin yini yana ciki, yaron da ke koyon sana'a yana ciki, wanda kuka yi magana da baki kawai yana ciki, har hatsarin da ya samu mutum a hanyarsa daga gida zuwa wajen aiki. In ka ba wani helma, wato shugaban leburori, jingar fulasta ya zo da yaransa ma kar ka ce ba ruwanka, doka ta haɗa ku biyu a alhakin biyan kuɗin.

Yadda ake yi, ka ɗauki satifiket ɗin CAC da jerin sunayen ma'aikata da abin da kowa ke samu, ka je ofishinsu na jiharka ka cika fom su ba ka lamba, ka biya ta Remita, hanyar da ake biyan kuɗin gwamnati, ka adana rasit. Amma ga inda muke cutar kanmu, a ba wani ejan kuɗi ya "fito da" satifiket, a rubuta ma'aikata uku, oga da ƙaninsa da direba, masu hawa sama ko mutum ɗaya babu. Takarda ta fito kwangila ta samu kowa na murna, ranar da birkila ya faɗo ka je neman diyya a buɗe jerin sunaye a tambaye ka shi wannan daga ina, ka fara kame-kame. Duk lokacin da ka buɗe sabon wajen aiki ka kai musu sabon jeri ka sa su buga hatimin karɓa a kwafinka.

Mataki na biyu: izinin gini da inshorar ginin

A ƙauye mun saba dagaci ya nuna fili a kama tono, to ga ɗakin ƙasa ba laifi, amma ginin da jama'a za su shiga ko mai dakin a sama, wato rufin kankare, ka nemi zanen da mai zanen gini mai rajistar hukumarsu ta ARCON da injiniya mai rajistar tasu hukumar ta COREN suka sa wa hatimi, da amincewar hukumar tsara gari, a Kano KNUPDA ce a yankunan da ke ƙarƙashinta, in ba haka ba ka fara daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya lissafa tsarin lafiya da kariya na aikin cikin takardun da magini mai rajistar hukumar magina ta CORBON zai shirya, kuma ayyukan da kuɗin Bankin Duniya ke ciki ba sa wasa da wannan, za su tambaye ka. Batun inshora kuma, sashe na 64 na tsohuwar dokar inshora ta 2003 ya hana gina abin da ya haura hawa biyu ba tare da inshorar da za ta biya ma'aikata da mutanen gefe in ya rufta ba, sabuwar dokar 2025 da ta maye gurbinta ma ba ta cire wajabcin ba. Kar ka ce ai wannan sai Legas, a watan Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa ya rufta a titin Beirut cikin Kano. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba akwai takaful, wato inshorar Musulunci, mai lasisin hukumar inshora ta NAICOM, shi ke nan an rufe wannan uzurin.

Mataki na uku: littafin rajista

Yanzu mun zo wajen aiki. Sayi littafi mai bangon kwali, kowane mutum shafi ɗaya, kuma doka ɗaya ce, ba mai taɓa shebur sai an rubuta shi ko da yini ɗaya zai yi. Cikakken suna da na mahaifi, gari da unguwa da sunan mai unguwarsu, lambar wayarsa, lambar mutum biyu da za a kira in wani abu ya faru, NIN in yana da ita, shekarunsa, aikin da aka ɗauke shi da kuɗin da kuka yi, sai ya dangwala. Ɗauki hotonsa a waya. Sannan ka ja shi gefe ba a gaban mutane ba ka tambaye shi ko yana da farfaɗiya ko asma ko sikila ko yana jin jiri in ya hau sama, ka gaya masa ba korarsa za ka yi ba, aikin ƙasa za ka ba shi, don in ya ji tsoron rasa aikin ɓoyewa zai yi. Minti biyar ne duk wannan.

Maganar shekaru ka kula da ita sosai. Ranar Alhamis da Juma'a da ba karatu za ka ga almajirai sun zo neman ɗaukar bulo, tausayi zai kama ka kuma ga araha, amma dokar ƙwadago ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a irin wannan aikin, ɗan ƙasa da 16 kuma ba ya aikin inji ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa. In tausayin ne ka ba shi sadaka ya tafi.

A bayan littafin ka ja layi na shigar kullum, wa ya zo yau, ƙarfe nawa ya tashi, nawa aka biya shi, dangwale. Wannan shi zai tabbatar mutum ma'aikacinka ne a ranar da ya ji ciwo, shi zai kuma raba gardamar "ban karɓi kuɗin Talata ba". Wanda zai daɗe tare da kai kamar foman da maigadi da direba, dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki ka ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce, bayanan biyan albashi kuma ka ajiye su shekara uku.

Mataki na huɗu: takardar hangen haɗari

Wannan ita ce injiniyoyi ke cika wa Turanci har ta ba ka tsoro, alhali ba komai ba ce illa zagaye da tunani. Kafin a kafa diga ka ɗauki foman da babban birkila da kafinta ku zagaya filin a ƙafa, ka raba shafi gida huɗu, aikin da za a yi, abin da zai iya cutarwa, wa zai cutar, me za mu yi kuma wa zai yi. Rubuta da Hausa, in an nemi na Turanci daga baya a fassara, don wadda ma'aikata ba sa ganewa ado ce kawai.

Bari in ba ka misali daga nawa littafin. Aiki: kai rodi saman linta. Haɗari: wayar wutar KEDCO ta ratsa ta gabas da ginin, rodi mai tsawon mita 12 in aka ɗaga shi tsaye zai kai gare ta, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba, kusantarta ma wuta na iya tsallakowa. Wa zai cutar: masu ɗaure rodi da duk wanda ya ruga ya kama su. Abin yi: rodi a kwance za a ɗauke shi mutum biyu, ta yamma za a hau da shi, a kafa turaku da jan ƙyalle inda ba a wucewa, helma ne mai lura. Ƙa'idar layin babbar wuta na 11kV da 33kV ma mita 5.5 ake bari kowane gefe ba gini, in zanen ya shiga cikin wannan tazarar ka tsaya ka rubuta wa mai aikin wasiƙa ka riƙe kwafi. Kar kuma ka yarda da "ai garin nan wata biyu ba wuta", ranar da ka saki jiki ranar za a kawo ta.

Haka za ka bi sauran. Ramin da aka ɗebi ƙasar ciko in damina ta faɗi kududdufi zai zama, yaran gari kuma wanka za su zo, to a rubuta wa zai cike shi da yaushe. Tifa mai juyawa da baya a filin makaranta lokacin tara, wa zai tsaya mata. Zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, ga azumi in ya faɗo ciki, mu muna fara zuba kankare bayan asuba mu tashi kafin azahar, a rubuta hakan. Maciji a cikin tarin bulo da ya kwana biyu. Kowane sabon babi na aiki, tono, ɗora bulo, dakin, rufin kwano, ka sake zama ka ƙara shafi, don haɗarin mai tono daban na mai buga kwano daban.

Mataki na biyar: nasihar safe da littafin kayan kariya

Duk safiya kafin a fara kwaɓi a tsaya minti biyar zuwa goma, foman ya faɗi aikin yau da haɗarinsa daga waccan takardar, abu ɗaya ko biyu kawai ba wa'azin Juma'a ba, sai a rubuta kwanan wata da abin da aka faɗa da waɗanda suka ji. A nan za ka sha gardama. Akwai wani dattijon birkila da muka daɗe tare, ranar da na fara raba hular kwano ya juya ta a hannu ya ce "Akawu, abin da Allah ya rubuta wannan robar ce za ta hana?" Na ce "Baba, ai ku kuka koya mana Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, kuma na ga babur ɗinka kullum da kwaɗo a ƙafa." Aka kwashe da dariya, ya saka, duk da dai a kan hularsa ta saƙa ya ɗora.

Kayan kariya kai za ka saya, ba a cire wa lebura a kuɗinsa. Buɗe shafi, suna, abin da aka ba shi, rana, dangwale, ranar da ya dawo da shi. Hular kwano, rambut da safar hannu ta roba ga masu kwaɓi, tabarau ga mai giranda, gilashin walda na gaskiya ga mai walda ba baƙin tabarau na kasuwa ba, takunkumi ga mai juye siminti da mai yankan bulo ko tayil don ƙurar nan a huhu take zama ta daskare shekara da shekaru. Ɗanyen kankare kuma yana cin fata kamar soda, ba ya zafi nan take, sai dare mutum ya ga ƙafa ta saluɓe, shi ya sa yaran da ke shiga kwaɓi da silifas ko su ɗaura ledar siminti a ƙafa ka hana. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne wajen da huluna ke kulle a sito cikin ledarsu sai ranar da masu duba aiki za su zo a raba a ɗauki hoto a karɓe, kuɗin dai an riga an kashe, to me ya rage.

Mataki na shida: littafin dubawa da takardar izinin shiga rami

Sikafol ɗinmu na ƙauye katako ne da ƙusa, wani lokacin ma da sandunan turare, ba laifi in an yi shi da kyau, amma a duba shi kafin a fara hawa, a sake duk sati, a sake bayan duk iska ko ruwa mai ƙarfi, wanda ya duba ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Ƙafafunsa a kan faffaɗan katako suke ko a kan bulo da aka jera, katakon takawa yana da tsagu ko ƙulli a tsakiya, akwai abin dafawa kamar mita ɗaya ta baya, an tara bulo a kai fiye da kima. Wanda ya karye da yaron can ƙulli ne da shi a tsakiya, an kuma yi zubin kankare da shi sau biyu ya sha ruwa, kowa ya gani ba wanda aikinsa ne ya ce a cire. Tsani kuma in tsayinsa mita huɗu ne gindinsa ya ja baya mita ɗaya, kansa ya wuce inda za a sauka da kamar mita ɗaya, a ɗaure shi.

Dakin, a rubuta ranar da aka zuba a littafi a kuma rubuta da gawayi a jikin ginin, don kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma ba mai cire turakun ƙasa sai injiniya ya sa hannu, komai matsin kafinta na son kai katakonsa wani aikin. Janareto a waje yake zama ba a cikin ɗakin da maigadi ke kwana ba, hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci. Wayar da aka soka tsirara a soket da tsinken ashana a cire ta.

Rami shi ne wanda na fi tsoro. Ƙasar wajajen Gumel da Maigatari da Babura rairayi ce, tana tsaye kamar ba komai sai ta zubo gaba ɗaya ba gargaɗi, kuma ƙasa mai faɗin mita ɗaya tsawo ɗaya zurfi ɗaya ta kai tan ɗaya da rabi, ko iya ƙirji ta binne mutum numfashi ya gagara. Duk ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare bangonsa da katako ko a kwantar da bakinsa, ƙasar da aka fitar a ja ta baya kamar mita ɗaya, tifa kar ta matso, tsani na ciki kullum.

Sokawe da rijiya da tankin ƙasa kuwa ba mai shiga sai da takardar izini ta ranar, rabin shafi ce, wa zai shiga, ƙarfe nawa, wa ke tsaye a baki ba ya motsawa, an buɗe ya sha iska tsawon wane lokaci, igiya na ɗaure a jikinsa, mutum nawa ne za su ja. Kai ko foman ku sa hannu, in ya fito a rufe takardar. Tsofaffin masu haƙar rijiya suna zura fitila su ga ko za ta mutu, wannan ƙarancin iska kawai yake nunawa, a tsohuwar sokawe kuma kar a kuskura don iskar ciki tana kamawa da wuta, akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake yi. Ba a saka injin ban ruwa mai fetur a cikin rami. Layin da ya fi kowanne muhimmanci a takardar, a karanta shi da ƙarfi kowa ya ji, in na ciki ya faɗi ba mai bin sa, da igiya za a jawo shi, don sau nawa muke jin mutum ɗaya ya faɗi a rijiya an fito da gawa uku.

Mataki na bakwai: akwatin agaji da takardar bango

Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta akwatin agajin gaggawa a wajen aikin da ta shafa, gidan bulo mai inji ma ya shiga lissafinta. Bandeji, auduga, filasta, maganin wanke ciwo, almakashi, safar hannu, gishirin ORS, da jarkar ruwa mai tsabta ta wanke ido kaɗai, siminti in ya shiga ido minti 20 ake yi ana zuba ruwa kafin a tafi asibiti. A jikin ƙofar sito ka manna takarda da manyan baƙaƙe, asibiti mafi kusa da wanda ke bin sa, lambar mai mota biyu a garin da ka riga ka yi magana da su, lambar foman da taka da ta dagaci, da 112, lambar kiran gaggawa. Je asibitin da ƙafarka tun kafin a fara aiki ka tambaya suna kwana, suna da allurar tetanus, suna da maganin sarar maciji, in babu ina ake turawa.

Mataki na takwas: ranar da abin ya faru

Rai tukuna, takarda daga baya. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya kar a ciccibe shi hannu da ƙafa, a kan ƙofa ko faffaɗan katako ake ɗaukarsa. Karayar da ƙashi ya fito asibiti ce, 'yan'uwa za su matsa a kai wa mai ɗori, ka lallashe su, in ta kama a wuce asibitin ƙashi na Dala a wuce, in sun ƙi fur su rubuta su dangwala a gaban mai unguwa.

Kana dawowa a ranar, ba gobe ba, ka ɗauki hoton wajen kafin a gyara, ka ajiye abin da ya karye, ka rubuta a littafin hatsari suna, rana, lokaci, inda ya faru, me yake yi, wa ya gani, wane rauni, ina aka kai shi. Rubuta gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba, don shaidu goma ne kuma labarinsu ba zai zo ɗaya da ƙaryarka ba. Sai lissafin kwanaki, ma'aikaci ko iyalinsa suna da kwana 14 su sanar da kai, kai kana da kwana 7 ka sanar da NSITF a rubuce, in rasuwa ce nan take, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. A ƙarƙashin dokar masana'antu hatsarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku ana sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a rubuce. Tara katin asibiti da rahoton likita da hoton ƙashi da kowane rasit ko na allura ɗaya ne. In kun yi sulhu a gaban dagaci ka ba da wani abu don zumunci, a rubuta da shaidu, amma wannan bai ɗauke maka kai rahoto ba kuma bai soke haƙƙinsa a asusun ba.

A littafin nan har wanda Allah ya kiyaye ake rubutawa, bulo ya faɗo kusa da mutum, tsani ya zame ba a ji ciwo ba, gobe da safe shi ne nasihar.

Na ƙarshe, ajiya. Gara da ɗigar ruwa da ɓera sun ci min littafi guda a sito, tun daga nan akwatin ƙarfe nake sakawa cikin leda, duk Alhamis kuma in ɗauki hoton sababbin shafuka in tura wa kaina a WhatsApp, ainihin satifiket na gida kwafi na wajen aiki, in aiki ya ƙare in ɗaure littattafansa wuri ɗaya in rubuta sunan garin da shekarar a bango.

Yaron can kuwa sai bayan magariba muka samu danginsa, ta hannun mai shayin bakin tasha da yake ajiye masa waya a caji, shi ya lalubo lambar yayansa a ciki. Wata huɗu ya yi kafin ya taka, oga ya biya kuɗin asibiti daga aljihu har sai da ya sayar da miksa, don a jerin da ejan ya kai NSITF sunaye uku ne kacal.